Bootstrap da jera kayan navbar: yana aiki, amma sai ka san sigar da ke hannunka

Sandar menu ta saman shafi, wato `navbar`, kusan ita ce abu na farko da kowa yake ɗaukowa daga Bootstrap, wato tarin shiryayyun kayan gina shafin intanet, kuma ita ce wurin farko da mutum yake cijewa. Ɗaukowar ba wuya, ka shiga getbootstrap.com ka kwafo misalinsu ka manna, nan da nan ga menu tsaf har da madannin nan mai layi uku da yake fitowa a waya. Rigimar tana tashi ne lokacin da ka ce to ni tambarina ya zauna hagu, linkuna su koma dama ko su tsaya tsakiya, madannin shiga kuma ya tafi can ƙurya. A kan wannan ɓangaren kaɗai zan yi sharhi ba Bootstrap gaba ɗaya ba, don a irin wannan ƙaramin aikin na kullum ne ake gane kayan aiki mai kirki.

Ra'ayina tun daga farko shi ne abin yana da kyau kuma ina ba da shawarar a yi amfani da shi, musamman siga ta 5. Kyauta ne, lasisinsa na MIT ne, ba mai tambayarka ko sisi. Amma akwai abu biyu da har yau nake ganin laifinsu ne, yadda suka riƙa canja sunaye abu ya daina aiki shiru ba ko gargaɗi, da kuma rashin wata hanya tsayayya ta saka menu a ainihin tsakiyar shafi.

Sai an ɗan waiwaya baya kafin a gane daga ina ruɗanin yake. Mark Otto da Jacob Thornton ne suka ƙirƙiro Bootstrap suna aiki a Twitter, aka sake shi ga jama'a a 2011. Siga ta 3 da ta fito a 2013 ita ce ta mamaye ko'ina, kuma a lokacin da `float` na CSS, wato yaren tsara kamannin shafi, ake jera komai. Kana son abu ya koma dama sai ka sa masa kilas, wato sunan salo da ake liƙa wa abu a HTML, `navbar-right`, hagu kuma `navbar-left`, shi ke nan. Sunan yana da daɗin ganewa kam, amma aikin akwai tangarɗa, in ka tura abu biyu dama sai su juye na farko ya zama shi ne can ƙarshe, in linkuna suka yi yawa sai su zubo layi na biyu sandar ta kumbura, tsakiya kuwa babu ita sam sai dai ka rubuta CSS ɗinka. Sai a Janairun 2018 siga ta 4 ta fito aka koma Flexbox, wata hanyar jera abubuwa a CSS, aka share `navbar-right` aka kawo `ml-auto` da `mr-auto`. A Mayun 2021 kuma siga ta 5 ta zo ta sake mayar da su `ms-auto` da `me-auto`. Ka ga aiki ɗaya tak, tura menu dama, suna uku kenan ya yi cikin shekara takwas.

Abin da ya fi ci min rai a nan shi ne shirun. In ka rubuta `ml-auto` a siga ta 5 ba abin da zai faru, ba saƙon kuskure, ba jan rubutu, burauza kawai za ta ga kilas ɗin da ba ta san shi ba ta wuce abinta, menu yana nan hagu inda yake. Mai koyo da ya bi tsohon bidiyo ko tsohuwar amsa ya rubuta komai daidai harafi da harafi sai ya ɗauka shi ne bai iya ba, alhali bayanin da ya bi ne ya tsufa. Kuma ba wannan kaɗai aka canja ba, `float-right` ya zama `float-end`, `text-right` ya zama `text-end`, `dropdown-menu-right` ya zama `dropdown-menu-end`, sannan `data-toggle` da `data-target` suka zama `data-bs-toggle` da `data-bs-target`, wanda shi ne dalilin da ya sa za ka ga madannin waya ana ta danna shi ya ƙi buɗewa.

Dalilin canjin dai mai kyau ne, wannan ban musa ba. Siga ta 5 ce ta kawo goyon bayan harsunan da ake rubutawa daga dama zuwa hagu irin su Larabci da Farisanci, to ka ga a can "hagu" da "dama" sun zama matsala, shi ya sa suka koma farko da ƙarshe, s ɗin `ms-auto` na start ne wato farkon layi, e ɗin `me-auto` na end wato ƙarshensa. In ka sa `dir="rtl"` ka ɗora fayil ɗin `bootstrap.rtl.min.css` sai navbar ɗin gaba ɗaya ta juya da kanta ba ka taɓa HTML ba, kuma wallahi wannan abin a yaba ne, duk wanda ya taɓa yin shafi mai harshe biyu da hannu ya san wahalar da aka ɗauke masa. Inda na ga sun gaza shi ne da sun bar tsofaffin sunayen suna aiki na ɗan lokaci, ko da siga ɗaya ce, da mutane da yawa ba su sha wannan wahalar ba.

To yanzu yadda abin yake aiki, don in ka gane wannan kusan ka gama da navbar. A siga ta 5 dole ne a cikin `navbar` a sami kwantena, `container` ko `container-fluid`, kuma ita kwantenar Flexbox ce da take raba 'ya'yanta gefe da gefe. A ciki akwai `navbar-brand` na tambari, akwai `navbar-toggler` wato madannin nan mai layi uku, sai `navbar-collapse` wanda aka ba shi damar cinye duk faɗin da ya rage bayan tambari. Cikinsa ne jerin linkuna yake, wato `ul` mai kilas `navbar-nav`. Ka ɗauka dogon benci ne mutum uku suka zauna a gefe ɗaya, sauran bencin fili ne, to duk maganar jerawa ita ce ina za a ajiye wannan filin. `ms-auto` yana cewa a zuba filin gabanin abin, sai abin ya tafi dama. `me-auto` a zuba shi bayansa, sai ya tsaya hagu ya kore duk wanda ke biye da shi zuwa dama. `mx-auto` a raba shi biyu. Iyakar sirrin kenan, kuma abin da ya burge ni shi ne ba wani sihirin Bootstrap ba ne, `margin-left: auto` ne na CSS zalla aka ba shi gajeren suna, don haka abin da ka koya a nan zai yi maka amfani ko ka bar Bootstrap gobe.

Bari mu duba wurin da mutane suka fi maƙalewa da kyau. Misalin da ke shafinsu ga yadda layin yake:

`<ul class="navbar-nav me-auto mb-2 mb-lg-0">`

bayansa kuma akwatin bincike ne. Mutum ya kwafo, ya goge akwatin binciken don ba ya so, yana son linkuna su koma dama. Sai ya ƙara `justify-content-end` a kan `ul` ɗin, shiru. Dalili, faɗin `ul` ɗin daidai faɗin linkunan da ke cikinsa ne, babu fili a ciki balle a tura wani abu. Sai ya ce to bari na ɗora a kan uban, ya kai shi `navbar-collapse`, wanda a ƙa'ida nan ne wurinsa, nan ma shiru, saboda `me-auto` ɗin nan da ya kwafo bai lura da shi ba ya riga ya lashe filin duka, kuma a dokar Flexbox ratar da aka sa wa `auto` ita take fara ɗiba kafin `justify-content` ya samu komai. Sai ya gwada `float-end`, shi kuma ba ya tasiri ko kaɗan a kan 'ya'yan Flexbox. Daga nan in ya ji labarin `ms-auto` ya ƙara shi ba tare da ya cire `me-auto` ba sai menu ya tsaya tsakiya, kansa ya ƙara ɗaurewa. Maganin duk wannan harafi ɗaya ne, e ta koma s. Ni a ganina shafin bayaninsu ya kamata ya faɗi wannan ɓaro-ɓaro a ƙarƙashin misalin, amma abin da suka yi shi ne jimla guda da take tura ka shafin tazara da na Flexbox ka je ka karanta, ga wanda ya ƙware ya isa, ga sabon shiga bai isa ba.

Tsarin da aka fi buƙata, wasu linkuna hagu wasu dama, wannan kam sun yi shi da sauƙi ba ƙorafi. `ul` biyu a cikin `navbar-collapse`, na farko da `me-auto`, na biyu ba komai, an gama. Ko kuma `ul` ɗaya ka ba shi `w-100` sannan ka ɗora `ms-lg-auto` a kan `nav-item` ɗin da kake son rabuwar ta fara daga kansa. In kuma so kake su bazu su cika sandar, `nav-fill` da `w-100` yana yi, `nav-justified` kuma yana ba kowanne faɗi iri ɗaya.

Sai tsakiya, inda nake da babban ƙorafi. Kowa zai ce maka ai `mx-auto` ne, kuma gaskiya ne zai kawo menu tsakiya, amma tsakiyar filin da ya rage ba tsakiyar shafi ba. Misali tambarinka faɗinsa fiksel 200, madannin da ke dama fiksel 80, to menu zai karkata dama da fiksel 60, rabin bambancin da ke tsakaninsu. In babu komai a daman ma karkatar ta kai 100. A kallon farko ba lallai ka lura ba, amma da zarar akwai babban take a ƙasa wanda yake tsakiyar gaske sai ido ya kama cewa ba su hau layi ɗaya ba, kuma mai shafi ko mai zane zai gani, zai kuma dawo maka da aikin. Wannan fa tsari ne da ake nema kullum, tambari hagu menu tsakiya madanni dama, amma Bootstrap ba shi da kilas ɗaya da aka ware masa.

Dabarar da ta fi yawo ita ce `position-absolute start-50 translate-middle-x`, tana kawo shi tsakiyar gaske tunda ta cire shi daga layin sauran gaba ɗaya. Matsalarta biyu. Tunda ya fita daga layi sauran ba su san da zamansa ba, sikirin na ƙanƙancewa sai ya hau kan tambari. Sannan `position-absolute` yadda ya zo ba shi da nau'in da yake aiki a babban sikirin kaɗai, babu wani `position-lg-absolute` sai in kai ka kunna shi ta Sass, yaren da aka rubuta CSS ɗin Bootstrap da shi, don haka a waya in an buɗe menu sai ya yi ta shawagi a kan rubutun shafi. Wasu kuma suna ɗora `flex-fill` a gefe biyun suna zaton zai daidaita su, ba zai yi ba, don shi yana fara lissafi ne daga faɗin abin da ke ciki sannan ya raba ragowar, mai faɗi yana nan da faɗinsa. Abin da ni nake yi kuma nake ganin ya fi tsafta shi ne na rubuta layi kaɗan na CSS da kaina a cikin `@media (min-width: 992px)`, na raba sandar gida uku, gefe biyun na ba su `flex: 1 1 0` su zama faɗi ɗaya dole, ko na mayar da kwantenar Grid da `grid-template-columns: 1fr auto 1fr`. Yana zama daram. Amma ka ga an fita daga Bootstrap kenan, kuma mutum ya ɗauko firemwok irin Bootstrap ne don kada ya yi irin wannan.

Tambari a tsakiya linkuna hagu da dama shi ma haka ne, ana yi da kilas ɗin `order`, daga `order-0` zuwa `order-5` a siga ta 5. Ina roƙon masu yi su kula da abu ɗaya, `order` wurin zaman abu a ido kawai yake canjawa, wanda yake yawo da madannin Tab ko makaho mai amfani da manhajar karanta sikirin su tsarin HTML suke bi, in ka hargitsa da yawa sai su riƙa tsalle daga dama zuwa hagu ba kan gado.

A ɓangaren waya kuwa gaskiya sun yi ƙoƙari, nan ne ma nake ganin Bootstrap ya ci kuɗinsa da a ce sayarwa ake. Kai ne kake zaɓar faɗin da menu zai buɗe, `navbar-expand-sm` daga fiksel 576, `md` 768, `lg` 992, `xl` 1200, `xxl` 1400, ba kamar siga ta 3 ba da take naɗewa a 768 sai in ka shiga fayilolin Less, tushen CSS ɗinta, ka canja. In ka manta ba ka sa ko ɗaya ba menu zai zauna a naɗe har a babbar kwamfuta, wannan ma yana ruɗa mutane. Ƙasa da wannan faɗin `navbar-nav` yana juyewa daga kwance zuwa tsaye, linkuna su jeru ɗaya ƙarƙashin ɗaya, `ms-auto` ɗinka kuma ya daina tasiri da kansa don jerin ya cika faɗin duka, wanda dama haka ake so.

Sai dai wannan juyewar tana da tarko guda da ya kamata kowa ya sani. Ka saka madanni a cikin jerin linkuna, ka ga bai zauna layi ɗaya da rubutun ba ya ɗan haura sama, sai ka sa `align-items-center` a `navbar-nav`, a kwamfuta ya gyaru tas. Ka buɗe a waya sai ka tarar duk linkunan sun taru a tsakiyar sikirin, tambari kuma yana hagu. Ba lalacewa ba ce, jerin ne ya koma tsaye, to abin da yake daidaita sama da ƙasa ɗazu yanzu hagu da dama yake daidaitawa. `align-items-lg-center` ne daidai. Haka `text-center`, a kwamfuta ba ya matsar da menu ko'ina amma a waya yana aiki. Ƙa'idar da nake bi ita ce duk kilas ɗin jerawa da zan sa a navbar sai na haɗa shi da harafin faɗin da na zaɓa a `navbar-expand`, in `lg` ne to `ms-lg-auto`, `gap-lg-3`, `align-items-lg-center`, haka. Kasancewar kusan dukkansu suna da wannan nau'in shi ne babban abin da ya sa nake komawa Bootstrap.

Ƙananan abubuwa biyu da sauri. Menu mai saukowa in yana can ƙarshen dama yakan buɗe ya fita wajen sikirin har shafi ya fara jan gefe, `dropdown-menu-end` ne maganinsa. Sannan waɗannan gajerun kilas ɗin duk da `!important` suke zuwa, yana da daɗi don kana sawa suke kamawa, amma ranar da ka rubuta CSS ɗinka kana son ka danne su za ka ga naka ya ƙi ci, gara ka cire kilas ɗin daga HTML kawai da ka tsaya kokawa da shi.

In aka kwatanta da sauran firemwok irinsa, Bulma ya fi shi sunaye masu faɗin kansu, `navbar-start` da `navbar-end`, kana gani ka san ina abu zai zauna ba sai ka yi tunanin rata ba. Amma shi ma ba shi da na tsakiya, kuma ba ya zuwa da JavaScript ko kaɗan, buɗewa da rufewar menu a waya kai za ka rubuta. Tailwind kuwa ba shi da navbar ma gaba ɗaya, guntayen kilas zai ba ka ka gina taka daga tushe, wanda ya iya Flexbox zai ji daɗin wannan 'yancin sosai don babu wani `me-auto` da aka ɓoye masa, wanda bai iya ba kuma zai fi shan wuya a can. Don haka ga mai son ya tashi shafi yau ya kuma yi aiki a waya da kwamfuta ba dogon labari, Bootstrap ne har yanzu zan nuna masa. Ga mai zane na musamman da komai sai ya hau layi fiksel da fiksel, ko dai ya shirya rubuta ɗan CSS a kai ko ya gina tasa.

Shawarar da zan ba duk wanda navbar ta ƙi masa, kafin ka nemi amsa ko'ina fara duba sigarka. Tana rubuce a can saman fayil ɗin `bootstrap.min.css`, in kuma ta CDN ka ɗauko, wato ka liƙa adireshin fayil ɗin daga intanet, lambar tana cikin adireshin, irin `bootstrap@5.3`. Shafin bayaninsu yana da wurin zaɓen siga a sama, ka tabbata wanda kake karantawa shi ne naka, don bincike yakan jefa mutum shafin siga ta 4 bai sani ba, kamanninsu kusan ɗaya. Bayan haka ka danna dama a kan menu ka zaɓi Inspect, ka ɗora linzami a kan `ul` ɗin, a Chrome rata tana fitowa da launin ruwan goro, nan take za ka ga wanda ya cinye filin da kuma ta wane gefe.

Masu tsohon shafi a siga ta 3 ko ta 4 kuma don Allah kada ku canja lambar da ke adireshin CDN kawai ku ce kun sabunta, navbar ce za ta fara watsewa. Daga 4 zuwa 5 da sauƙi, yawanci nemo-ka-musanya ne na sunayen nan da na lissafa, sai ka tabbata akwai kwantena a ciki, ka kuma mayar da `active` daga kan `nav-item` zuwa kan `nav-link`. Daga 3 kuwa tsarin HTML ɗin ma daban ne, akwai `navbar-header` da babu shi yanzu, linkunan ba su da `nav-item` da `nav-link`, gara ka kwafo sabon misali ka zuba linkunanka a ciki da ka tsaya gyaran tsohon layi-layi.